Makaɗa a Cikin Aji: Tambayoyin da Malamai da Iyaye Suka Fi Yi

Duk sa'ad da aka ce za a gayyato makaɗa su zo makaranta su yi wa yara wasa ido da ido, tambayoyin da ke tasowa kusan iri ɗaya ne, ko daga bakin shugaban makaranta, ko malamin aji, ko iyaye, ko su makaɗan da kansu. Ga waɗanda aka fi yi mini a shekarun da na yi ina haɗa irin wannan ziyara. Na fara da masu sauƙi.

Me ake nufi da kawo makaɗa makaranta? Ba shagali ba ne kawai?

Ana nufin mutum ɗaya, ko ƙaramar ƙungiya ta mutum uku ko huɗu, su zo da kayan kiɗansu a lokacin karatu, su kaɗa a gaban yara, su nuna musu yadda kowane abu ke fitar da sauti, su amsa tambayoyi, sannan su sa yaran su ma su sa hannu ko baki. Nishaɗi yana ciki, kuma babu laifi a hakan. Bambancinsa da shagalin rufe zango shi ne akwai abin da ake so yaro ya fita da shi: ya san cewa kiɗa aikin hannun mutum ne, kuma shi ma zai iya koya.

Yara suna jin kiɗa a waya da talabijin kullum. Me zuwan makaɗi zai ƙara musu?

Abin da ke fitowa daga waya kammalalle ne, an gyara shi, an goge kurakuransa, ba a ganin wanda ya yi shi yana gumi. Yaro da yawa ya girma yana zaton kiɗa daga cikin na'ura yake fitowa, kamar yadda ruwa ke fitowa daga famfo. Ranar da ya ga mai goge ya danna tsirkiya da yatsa amon ya yi sama, ya ɗaga yatsan amon ya dawo ƙasa, ranar ya haɗa ido da kunne. Ilimin kimiyya ne ma a fakaice: idan aka raba tsawon tsirkiya gida biyu, yawan karkarwarta yana ninkawa, sai amon ya koma siriri. Ɗaure fatar ganga yana ɗaga muryarta, sassauta ta yana saukar da ita. Malami zai iya rubuta wannan a allo har alli ya ƙare, amma gani ya kori ji.

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar aji biyu da aka ce ta ɗora tafin hannunta a jikin babban goge irin wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Makaɗiyar ta ja izga a kan tsirkiya mafi kauri, yarinyar ta fizge hannu kamar ta taɓa wuta, ta dubi tafinta, sai kuma ta mayar da shi a hankali. Ta ce, "Malama, yana numfashi." Babu lasifikar da za ta ba yaro wannan.

Sabon abu ne, ko dama ana yi?

An daɗe ana yi. Ƙungiyar makaɗa ta New York Philharmonic a Amurka ta fara jerin wasanninta na matasa a 1924, kuma daga 1958 zuwa 1972 Leonard Bernstein ya jagoranci guda 53 da aka nuna a talabijin, yana tsayar da makaɗa a tsakiyar kiɗa yana yi wa yara bayani. Tun kafin zamanin Bernstein, a 1936, mai tsara kiɗa ɗan Rasha Sergei Prokofiev ya tsara wa gidan wasan yara na Mosko wani labari na yaro da kyarkeci wanda kowace dabba a cikinsa take da abin kiɗanta, tsuntsu sarewa, agwagwa wani abin busa mai kama da algaita, don yara su koyi bambance muryoyin kayan.

Sai dai waɗannan duk yaran ne ke zuwa wurin makaɗa. Juya abin, wato makaɗi ya ɗauki kayansa ya bi yara inda suke, shi ne aikin da ƙungiyoyi irin su Live Music Now suka sa a gaba. Shahararren mai gogen nan Yehudi Menuhin ne ya kafa ta a Birtaniya a 1977 tare da Ian Stoutzker, tana tura matasan makaɗa makarantu da asibitoci da gidajen tsofaffi.

Daga shekara nawa ya kamata a fara, kuma minti nawa za a yi?

Babu ƙanƙanta. 'Yan rainon shekara uku ma suna amsawa, sai dai minti 20 zuwa 25 ya ishe su, kuma a bar su su motsa jiki. 'Yan firamare suna iya kai minti 40 zuwa 45 idan ana sauya abu a kai a kai. 'Yan sakandare kuwa za su zauna awa guda, amma su ne suka fi wuyar sha'ani: kunya da gudun dariyar abokai suna hana su tafi ko amshi. Da su gara a fara da hira a kan yadda makaɗin ya koya da yadda yake cin abinci da sana'ar, kafin a nemi su buɗe baki.

Kada kiɗa ɗaya ya wuce minti uku ko huɗu ba tare da an tsaya an yi magana ba.

Wane irin makaɗi za mu nema? Sai wanda ya yi suna?

A'a. Sau da yawa ma sunan ne ke ɓata tafiyar, don yara sukan shagala da kallon mutumin da neman hoto da shi, kiɗan ya wuce ta bayan kunne. Wanda kuke nema shi ne wanda ya iya sana'arsa da gaske kuma yake son yara, wanda zai iya durƙusawa ya yi daidai da tsayin ɗan shekara shida, ya amsa tambaya irin ta "Yatsunka ba sa ciwo?" ba tare da ya yi dariyar raini ba. Ƙwarewa a dandamali daban, iya tsayawa gaban aji daban. Na ga gwanin da ya cika manyan zauruka ya rasa ta cewa a gaban yara talatin, na kuma ga ɗalibin kwalejin kiɗa da bai kai ko'ina ba ya riƙe aji har aka buga ƙararrawa ba wanda ya tashi.

Ku tambaye shi kafin ku yi alkawari: me zai kaɗa, me zai ce, a ina yara za su shiga? Idan amsarsa ita ce "kar ku damu, za mu faranta musu", to bai shirya ba. Yana da kyau kuma a riƙa sauyawa, wannan karon masu busa, wani karon masu ganguna ko mawaƙa zalla, a haɗa da kiɗan da iyaye da kakannin yaran suka sani. In da hali a samu mace a cikin makaɗan, domin yarinya ta fi saurin cewa "ni ma zan iya" idan ta ga 'yar'uwarta riƙe da kakaki ko ganga.

A tara makaranta duka a zauren taro, ko a bi aji-aji?

Aji-aji, idan lokaci ya bari. Na koyi wannan ne da wahala. Ziyara ta farko da na haɗa, don neman kowa ya samu, muka tara yara wajen ɗari biyar a zaure ɗaya, makaɗa uku can a kan dandamali. Layi huɗu na gaba sun ji daɗi. Na baya ba sa ganin hannun kowa, sai suka koma tsokanar juna, malamai suka koma tsawa, mai sarewa kuma ya yi ta busa ba mai jin sa. Laifina ne, don amfanin da aka faɗa a amsar tambaya ta biyu duk a kan kusanci ya rataya.

Idan dole sai an tara jama'a, a sauko da makaɗan ƙasa, a zaunar da yara zagaye da su, ƙanana a gaba. Hanya mai kyau ita ce a yi gajeren wasa na minti 15 ga kowa da safe, sannan makaɗan su rarrabu su shiga azuzuwa.

Ƙarar ba za ta cutar da kunnen yara ba?

Za ta iya, kuma wannan tambayar ta fi cancantar a tsaya a kanta fiye da yadda ake yi. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sautin da ya kai desibel 80, yara kuwa 75. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne duk ƙarin desibel 3 yana ninka ƙarfin sautin ne, ya kuma rage lokacin da kunne zai jure da rabi. Ke nan sautin da ya kai 100 cikin 'yan mintoci yake cinye abin da ya kamata a ji a mako guda. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne kuwa idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

A aji ba a bukatar lasifika sam, sai dai ƙaramar makirufo ga mai magana idan muryarsa ba ta kai ba. Ganga da kakaki su ne abin lura: kada a busa kakaki ana fuskantar yara kai tsaye, kuma a bar tazarar taku uku ko huɗu tsakanin ganga da layin gaba. Ɗaki mai siminti da kwano ba silin yana mayar da amo ya ƙara masa ƙarfi, don haka a buɗe tagogi ko a fita inuwa. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke auna ƙara. Ba su kai na'urar gaske daidaito ba, amma suna nuna hanya. Mafi sauƙi dai a kalli yaran. Idan biyu ko uku suka toshe kunne, a rage, ko da makaɗin ya ce shi bai ji ƙarar ba. Shi ya saba, wataƙila ma jinsa ya riga ya ragu.

Me malami zai yi kafin ranar?

Kaɗan ya isa. A gaya wa yara sunayen kayan da za su gani, a nuna hoto, a sa kowa ya rubuta tambaya ɗaya. A yi yarjejeniya kan alamar shiru, misali ɗaga hannu, don kada a koma tsawa. Kada a kunna musu faifan kiɗan da za a yi, a bar musu mamakin. A ranar kuma malami ya zauna cikin yara ya yi tafi da su. Malamin da ya koma bayan aji yana duba takardun jarrabawa ya riga ya sanar da yara matsayin abin a wurinsa.

A bar yara su taɓa kayan kiɗan?

A bari, amma mai kayan ne zai faɗi wanne da kuma yaya. Wasu kayan sun fi motar mai su daraja, wasu kuma gado ne. Makaɗan da suka saba zuwa makaranta sukan taho da na gwaji daban. Ganguna da kacau-kacau ba su da matsala. Abin busa kuwa kada ya bi baki-baki saboda tsafta; a bar yaro ya danna maɓallan yayin da makaɗin ke hurawa, su biyu su fitar da amo tare. Yara suna son wannan ƙwarai.

Wani abu da ba a shiryawa: tsirkiya ta tsinke a tsakiyar wasa. Ya faru a gabana, mai jita ya ji kunya, ya fara ba da haƙuri. Ashe minti biyar ɗin da ya yi yana zura sabuwa yana murɗa kunnen jitar, amon yana hawa a hankali har ya zauna daidai, su ne yaran suka fi zanawa a takarda washegari.

Yara kurame da masu wata lalura fa, a bar su a aji?

Kada a bar su. Kiɗa motsin iska ne da jiki ke ji, kunne ɓangare ɗaya ne kawai. Evelyn Glennie, 'yar Sikotilan da ta shahara a duniya wajen kaɗa ganguna da dangoginsu, ta kurumce tun tana shekara 12, kuma takan yi wasa ba takalmi don ta ji sauti ta ƙafafunta. A zaunar da kurma kusa, a ba shi balan-balan da aka hura ya rungume, zai ji kowane bugu a ƙirjinsa. Makaho a ba shi dama ya shafa abin kiɗan kafin a fara. Yaron da ƙara ke firgita shi, kamar wasu masu lalurar otizim, a zaunar da shi kusa da ƙofa tare da wanda ya saba da shi, a gaya masa tun farko cewa yana iya fita ya dawo. A nan ma a koma ga abin da aka faɗa a kan ƙara.

Gaskiya ne kiɗa yana ƙara wa yaro basira da ƙoƙarin lissafi?

Nan sai a yi hattara, don an yi wa maganar gishiri da yawa. Asalinta wani ɗan bincike ne da Frances Rauscher da abokan aikinta suka buga a mujallar Nature a 1993. Ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti 10, suka ɗan fi ƙoƙari a wani gwajin siffofi, kuma tasirin ya gushe cikin kamar minti 15. Ba yara aka gwada ba, ba a kuma ce kowa ya ƙara basira ba. Duk da haka labari ya bazu, har gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a 1998 a riƙa ba kowane jariri faifan kiɗa.

Koyon kiɗa na tsawon lokaci wani batu ne daban. A 2004 Glenn Schellenberg a Kanada ya raba yara 144 'yan shekara shida rukuni-rukuni, waɗanda suka yi darasin fiyano ko waƙa suka ɗan fi sauran ƙaruwa a gwajin basira, amma da tazara ƙarama. A 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54, suka ga cewa idan aka tsara gwajin da kyau fifikon yakan ɓace. A ganina bai kamata a sayar wa iyaye da ziyarar makaɗa da alkawarin sakamakon lissafi ba. Yaro ya koyi sauraro, ya jira lokacinsa, ya yi abu tare da mutum talatin a kan bugu ɗaya, ya gano wani abin da yake so: waɗannan sun isa hujja.

Idan wasu iyaye ba su yarda ba fa?

Haƙƙinsu ne, ko saboda addini ko saboda ra'ayi. A aika takarda gida mako guda kafin ranar, a faɗi su wa za su zo da abin da za a yi. A nemi kalmomin kowace waƙa a rubuce a karanta su tun da wuri. Mawaƙin kirki ba zai ji haushin wannan ba. Yaron da aka ce kada ya halarta a ba shi wani aiki mai daɗi tare da malami, kada ya zama kamar horo, kada kuma a faɗi dalilinsa a gaban aji. Wasu iyayen da ba sa son kayan kiɗa ba su da matsala da waƙar baka da tafi, don haka a tambaye su iyakarsu maimakon a yi zato. Gayyatar iyaye su zo su zauna a baya takan kashe rabin zargin.

Ta fuskar tsaron yara, me za a kiyaye?

Baƙo baƙo ne komai sunansa. Kada a bar shi shi kaɗai da yara, kada ya karɓi lambar waya ko adireshin yaro, kuma a bi duk dokar tantance masu aiki da yara da ƙasarku ta tanada. Hoto da bidiyo sai da izinin iyaye a rubuce. A faɗa wa makaɗan wannan kafin su iso, don yawancinsu sun saba ɗora komai a Instagram da TikTok kafin su kai gida.

Dole ne a biya su? Ai taimakon yara ne.

A biya su. Awa ɗaya da kuka gani a aji tana da shekaru na koyo a bayanta, ga atisaye, ga ɗaukar kaya, ga ranar aikin da suka bari. Wanda ya ce zai yi kyauta a gode masa, amma a ɗauke masa kuɗin mota. Idan aljihun makaranta bai kai ba, makarantu biyu ko uku na kusa su haɗu su raba rana ɗaya, ko a tuntuɓi sashen kiɗa na wata jami'a ko kwaleji, domin ɗalibansu suna neman inda za su gwada kansu. Tsofaffin ɗalibai da iyayen da suka iya wani abin kiɗa ma suna nan, sai dai ba a tambaya.

Sun zo sun tafi, yara sun kamu da so, mu kuma ba mu da kayan kiɗa ko malamin kiɗa. Sai yaya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ya kamata a amsa ta kafin a gayyaci kowa. Ziyara ɗaya kunna wuta ce; in ba a sa itace ba cikin mako guda ta mutu. Yaron da ya je gida yana bugun tebur, ya dawo ya tarar babu wanda ya sake tayar da maganar, ya koyi cewa kiɗa na baƙi ne masu zuwa su wuce.

Rashin kaya ba ya hana farawa. Tsarin koyar da kiɗa da Zoltán Kodály ya assasa a Hangari a kan muryar yaro da waƙoƙin gargajiyar ƙasarsa ya ginu, na Carl Orff a Jamus kuma ya fara da magana da tafi da buga ƙafa. A Tirinidad daga gangar mai da aka yar aka ƙera gangar ƙarfen da ta zama alamar ƙasar. A Cateura, kusa da babbar bolar birnin Asunshon na Faraguwai, da gwangwani da cokula da bututun ruwa aka haɗa wa yara gogayen da suka zaga duniya da su. El Sistema, ƙungiyar koyar da yara kiɗa ta Benezuwela, wadda José Antonio Abreu ya fara a 1975 da matasa 11 a wurin ajiye motoci, ita ta fitar da Gustavo Dudamel da ya zama jagoran ƙungiyar makaɗan Los Angeles a 2009. Abin da ya raya El Sistema shi ne haɗuwa a kai a kai, kusan kullum bayan an tashi makaranta.

Ku roƙi makaɗan su bar muku abu ɗaya mai sauƙi, waƙa mai amshi ko salon tafi, ku ɗauke shi a waya don malami ya tuna. A ware minti 10 sau biyu a mako. Kwalabe bakwai ko takwas da aka zuba wa ruwa hawa-hawa suna ba da amo daga ƙasa zuwa sama idan aka ƙwanƙwasa su da cokali, kuma da su za a iya maimaita darasin tsirkiyar da aka ambata a sama. Idan za ku iya, ku sa ranar dawowar makaɗan tun kafin su tafi, wannan karon yaran ne za su yi musu wasa.

Ta yaya za mu gane ziyarar ta yi amfani?

Kada ku dogara da ƙarfin tafi, yara suna tafa wa duk abin da ya cece su daga darasi. Ku jira kwana uku ko huɗu, ku saurari filin wasa lokacin tara. Ku lura ko wani yana rera abin da aka koyar ba wanda ya sa shi, ko an sami masu jera gwangwanaye a gindin bango. Ku ƙirga waɗanda suka zo da kansu suka tambayi inda ake koyo, ku rubuta sunayensu, ku sanar da iyayensu. Ku tambayi malaman aji wane yaro ne ya ba su mamaki a ranar, don sau da yawa wanda ba ya magana a aji ne, sannan ku ba shi riƙon bugu a zaman minti 10 na farko.